Lissafin Akawun Goronyo

Ni ne mai yanka rasit a bakin dam na Goronyo.
Tebur ɗaya, kujera mai ƙafa uku da bulo,
littafi mai jan layi, da biron da sai an lallashe shi.
Shekara goma sha ɗaya ina karɓar kuɗin shiga ruwa.

Sai ga takarda daga Sakkwato, hatimi har biyu:
tsohon soja ya daina biyan lasisin su,
ya daina biyan na farauta.
Na karanta, na ce madalla.
Sannan na jawo littafi,
don madalla ba ta sayen man inji.

Sittin da biyu na ƙirga a yankinmu,
kowa dubu huɗu yake ajiyewa a da.
Dubu ɗari biyu da arba'in da takwas ke nan
suka tashi fir, kamar zabin daji sun ji ƙarar adaka.
A birni wannan kuɗin shayin taro ne.
A nan, daga ciki kwalekwalen sintiri ke shan mai,
daga ciki muke sayen 'ya'yan tarwaɗa mu zuba bayan kaka,
abin da ya rage shi ne tuwon gidan Gado mai gadi,
wanda tun watan jiya yake gaishe ni sau uku a yini
ba tare da ya tambayi komai ba.

Arzika Basarke ya dire kuɗinsa a tebur, ya ce,
"Mu da aka yanke wa cibi bisa gora mu biya,
wanda ya koyi jefa birgi jiya ya shiga kyauta?"
Ba ni da amsa. Na miƙa masa canjinsa.

Ga kuma katin Saje Jelani, Allah ya jiƙansa.
Bara waccan muka kai shi makwanci,
amma katin na nan da ransa,
kowace Laraba yana kama karfasa
a aljihun ɗan ƙanensa.

Na so in yi fushi da takardar nan.
Kofur Labbo ya hana ni.
Bayan lisha yake zuwa, yatsu uku a hannun dama,
ƙugiya ɗaya, tocilar da ba ya kunnawa.
Ya zauna kan dutse har kiran assalatu,
ya tashi da ƙurungu biyu, wani dare ba ko ɗaya.
Na ce, "Kofur, wannan ai ba su ba ne."
Ya daɗe yana duban ruwa.
"Akawu, ba kihi nika biɗa ba.
Cikin ɗaki in na rufe ido
sai in ji ana kiran sunan waɗanda ba su amsawa.
Nan kau, kwaɗi ɗai ka kuka."

Ran Litinin ake son rahoto.
Gida uku ne a takardar: shiga, fita, giɓi.
Na duba sama, na duba ƙasa,
babu gidan da ake rubuta barcin mutum,
babu na yatsu biyun da aka bari a wani daji
da ni ban ma iya faɗin sunansa ba.

Na rubuta lambar yadda take, ban rage sisi ba.
A ƙasa na ƙara layi ɗaya da hannuna:
Ranka ya daɗe, kyautar ta dace,
amma wanda ya yi alkawarin fura shi ke sayen nono.
Kada a biya bashin ƙasa da albashin mai gadi.

Da safe na tarar da ƙurungu ɗaya kan tebur,
an naɗe shi a ganye, ba saƙo.
Na kira Gado na ba shi.
Ya karɓa da hannu biyu, ya ce a gode wa mai shi.
Har azahar biro na hannuna,
ban san shafin da zan shigar da kifin nan ba.