Ɗakin da Ke Numfashi

Shekara talatin ina kwaɓa siminti a Kaduna,
daga Kawo har Barnawa.
Nakan kifa wa mutane kwano
kamar murfi a kan tukunya,
in karɓi kuɗina, in bar su suna dahuwa.

Sai ga Ladidi da takardar zane a hammata,
autata ma ta girme ta.
Fili ne a Malali.
Na ɗaga gatari zan sare ɗorawar da ke tsakiya,
ta ce, "Baba Tanimu, ajiye.
Ta riga mu zuwa.
Gidan ne zai kauce mata."

Na yi dariya har hulata ta faɗi.

Jar ƙasar da muka tono a harsashi,
wadda nakan biya tifa ta kwashe,
ita ta sa muka cuɗa, muka matse,
siminti ɗan kaɗan, kamar gishiri a miya.
Bango ya yi kauri taƙi biyu.
Taga ta juya wa yamma baya,
da wata 'yar ƙarama can kusa da rufi,
wai ta nan zafi zai fice.
Indararo bai nufi titi ba,
tanki ne a ƙasa ke jiran damina, baki buɗe.

Leburori na ƙus-ƙus:
"Mai kuɗi da gidan ƙasa? An cuce shi."
Ban hana su ba.

Wata Laraba a tsakiyar bazara,
azahar, babu wuta tun jiya,
janaretocin unguwa na tari,
na shiga ɗauko cokalin gini da na manta.

Sanyi.
Irin na randa.
Iska ta biyo ƙarƙashin ɗorawa,
ta shafa min wuya, ta haye sama.
Na zauna a daɓe.
Sai na ji ƙamshin ɗakin kakata Barmani a Kujama,
wanda na rushe da hannuna
shekarar da na fara riƙe kuɗi,
na yi mata na bulo da kwano mai walƙiya.
Ta koma kwana a tsakar gida har ta rasu,
ba ta taɓa ce min uffan ba.

Nan Ladidi ta same ni.
"Baba, lafiya?"
Na ce siminti ne ya faɗa min ido.

Gobe akwai aiki a Rigasa, ciki da falo.
Na ce mai shi ya dakata da sayen bulo,
sai na zo na damƙi ƙasarsa,
na ga ta inda rana ke faɗo masa.