Mil Casa'in da Huɗu

Na ture butar shayi gefe,
na shimfiɗa taswira a kan teburin Kirsteen.
Kusurwa ɗaya na danne da kwalbar gishiri,
ɗayar da tabaraunta, wanda har yau ban ɗauke ba.
Ana ruwa a waje.
A Lochinver wannan ba labari ba ne;
labari shi ne a ce an ɗauke.

Daga ƙofata zuwa asibitin Inverness
mil casa'in da huɗu.
Ban auna da zare ba, jikina ya sani.
Litinin, Laraba, Juma'a, shekara huɗu cur,
farar motar ƙauye ta zo tun da asuba,
ta kai ta wankin ƙoda,
ta maido mini ita bayan duhu,
a gajiye liƙis, tana tsegumin tuƙin Murdo.

Yanzu motar ce ke jinya.
Murdo ya ce tarinta ya fi nawa,
gishirin teku ya cinye mata ciki,
sabuwa kuwa fam dubu arba'in.
Mutum shida ke hawanta har gobe.
Na san kujerar kowa.
Na san wadda ba kowa a kanta.

Shekara talatin da ɗaya ina rabon wasiƙu a ƙafa.
Iyakar sana'ata ke nan. To, zan taka.
Zuwa da dawowa, kwana goma sha shida,
in gwiwar hagu ta sa hannu.

Takardar alkawari tana kantin Ishbel, kusa da burodi.
Mai jirgin kamun kifi ya rubuta fam ɗaya kowane mil.
Limamin coci ya rubuta rabin haka, ya haɗa da addu'a.
Wata 'yar aji uku ta zazzage asusunta a kan kanta,
aka ƙirga, aka sake ƙirgawa:
fam huɗu da maɓallin riga.
Dougal, da muka shekara tara ba ma ga maciji
a kan iyakar shinge,
ya rubuta ɗari biyu, ya ƙara a ƙasa:
"In ya kai."
Wannan kalma biyu za ta kai ni.

Da fensir nake yanka hanyar gunduwa-gunduwa.
Ullapool, kwana uku, akwai gado gidan ƙanwar Murdo.
Daga can zuwa Garve
ba kowa sai tumaki da iska,
da ƙananan ƙudan nan masu cizo
da ba su san tsoho ba.
Safa ƙafa shida. Man shafawa. Rigar ruwa mai ɗaukar ido
don manyan motocin katako su gan ni.
Takalmin sabo ne, muna koyon halin juna
daga nan zuwa bakin gada kullum safiya.

Ailsa ta bugo daga Glasgow:
"Baba, saba'in da biyu fa.
Bari in roƙa maka ta waya, ka zauna."
Na ce roƙi, 'yata, roƙi da kyau,
amma mutane sun fi sakin hannu
in sun ga ƙafa ta kumbura.
Ta yi shiru. Sai ta ce za ta biyo ni da mota ranar Asabar,
da miya a kwano.

Akwai wani tafki bayan an gama hawan tudu
inda Kirsteen kan ce a tsaya,
ta buɗe taga, ta shaƙi sanyi, ta ce a ci gaba.
Minti biyu, ba ta taɓa wucewa ba,
don akwai masu jira.
Na zagaye wurin da fensir.
Kowane zango na rubuta masa lokacin tashi,
wannan kaɗai na bari fili.

Shayin ya huce.
Na saita agogo ƙarfe biyar,
na jingina sanda a bakin ƙofa.
Gobe gwaji ne, mil takwas,
kuma ta gaban shingen Dougal zan bi.