Shafukan da Ba a Yanka Ba

Shekara talatin da ɗaya ina raba wasiƙu a Duluth,
jaka a kafaɗa, ƙanƙara har gwiwa.
Na san karen kowane gida da sunansa,
amma Faransanci ko na sayen gishiri ban iya ba,
sai ranar da tsohuwa Thibodeau ta gida mai lamba tara
ta ce idonta ya ƙi, in karanta mata wasiƙar ƙanwarta.
Na karanta kamar mai tauna tsakuwa.
Ta yi dariya har da riƙe ƙofa,
ta miƙo ƙamus wanda bango ya rabu da shi,
ta ce, “Orville, ɗauki. Harshe ba ya cizo.”

Kalma biyar kafin fita, biyar bayan na cire takalmi.
Lenore ta ce ina gaida tukunyar gahawa
da muryar wani baƙo da ba ta gayyata ba.
Ita ce kuma ta riƙa jefa canji a gwangwani,
ta rubuta a jikinsa: Na jirgi.
Gwangwanin ya cika. Ita ba ta jira ba.

Na sauka Lyon ina da sittin da takwas.
A bakin kogin Saône
masu tsofaffin littattafai sun buɗe akwatunansu,
ƙanshin takarda da ruwan sama da taba
ya tare ni kamar dangin da ban taɓa gani ba.
Na yi gaisuwar da na shekara ashirin ina wankewa.
Madam Odile Charvet ta dube ni ta saman tabarau,
ta gyara mini ita a wuri uku,
sannan ta amsa.

Ban ji haushi ba, wallahi.
A garinmu in ka yi kuskure murmushi za a yi maka, a wuce.
Nan sai an tsaya an cire wa jimlarka ƙaya,
kamar ɗan maƙwabci ne ya taka ta.

Na ga mahauci da direban bas
sun kwashe sa’a guda kan ƙarshen wani labari,
ko matar ta yi daidai da ta hau jirgin ƙasa.
Miya ta huce a gabansu, ba wanda ya kula.
Na ga an rufe kanti da tsakar rana
don kawai burodi da cuku su sami haƙƙinsu.
Ni da na ci abincin rana a tsaye rabin rayuwata,
sai kunya ta kama ni, ban san ta wa ba.

Littafin da ta zaɓa mini ya girme ni.
Bango fari fat, ba hoto, ba alkawari.
Shafukansa a manne ta sama, yadda aka naɗe su a maɗaba’a.
Wani ya yanka arba’in na farko,
ya ja layi da fensir ƙarƙashin kalmar “gobe”,
daga nan shiru.
Yaƙi ne? Ƙauna ce? Ko barci ya sace shi?
Odile ta ɗaga kafaɗa,
ta goge wuƙar cukunta a gefen riga, ta ba ni.
“Buɗe masa baki,” ta ce. “Ya daɗe yana riƙe da magana.”

Ƙarar takarda a bakin wuƙa,
ƙeee, a hankali,
ni da na kai ambulan dubu dubai ƙofar mutane
ban taɓa buɗe ko ɗaya da sunana a irin wannan harshe ba.

Yanzu na dawo. Tafki ya daskare har inda ido ya tsaya.
Kowane dare shafi ɗaya, ƙamus a hagu,
kujerar Lenore a dama, ina karanta mata da ƙarfi,
kurakuraina suna yawo a ɗaki ba mai kama su.
Saura sha ɗaya.
Jiya na ɗauki wuƙar, na juya ta,
na mayar da ita aljihun tebur.