Kujerar Noreen

Shekara ashirin da shida tana kwance
a rumfar bayan gidan Desmond Ackrill,
can gefen Pickering, inda ruwan sama ba ya sallama.
Da na yaye tamfol ko ƙura ba ta tashi ba,
danshi ya riga ya danne ta.
MG ce, ƙirar sittin da bakwai, mai kujera biyu.
Koriya ce shar a da, in ji tsohon.
Yanzu kam sai dai bayan kwaɗo.

Tayoyi huɗu sun durƙusa.
Ɓeraye sun kafa gari a ƙarƙashin bonet,
sun ci waya, sun ga jikoki.
Fetur ɗin tanki ya koma maɗi.
Na ɗora sufana a kan inji, na danna da kafaɗa.
Ko gezau.

Oga Tanimu, can Panteka, ina yaron shago,
yakan ce ƙarfen da ya yi fushi
ba dukansa ake ba, jiƙa shi ake.
Sai na kwance fulogi huɗu,
na ɗura dizal a kowane rami, na tafi gida.
Duk Asabar in dawo, in gaishe ta, in ƙara cokali biyu.
Desmond na zaune da bargo a gwiwa.
Idonsa ya tafi tun bara waccan, saura kunne.
"Sallau, ta motsa?"
"Tukuna."
Sai ya miƙo shayi, ba sukari, ya huce.

Asabar ta bakwai ta yi ajiyar zuciya,
ta juya, faɗin yatsa ɗaya.

Daga nan aiki ya kankama.
Tsatsa ta cinye ƙasan ƙofar hagu
har ina hango takalmina ta ciki.
Na yanke, na yi walda, na ƙona hannun riga.
Kafireta biyu na wanke a tsohuwar tukunya.
Birki kuwa wata guda na jira shi
daga wani mutum a Coventry
wanda ya turo na dama har sau biyu.

A aljihun gaba na tarar da safar hannu ɗaya, ta mace,
da gwangwanin alewa da ta narke ta dunƙule,
da tikitin ajiye mota na Whitby.
Ban tambaya ba. Shi ya ce,
"Motar Noreen ce. Ni ban taɓa koyon tuƙi ba.
Shekara talatin ina gefe da taswira,
ina faɗin hanya, tana bin wadda ta ga dama."

Ranar da ta tashi, da tari ta fara,
ta tofar da hayaƙi da shimfiɗar ɓera ta salansa,
sannan ta kama.
Na juyo ina jiran barka.
Tsoho ya karkata kai, ya daɗe yana saurare.
"Lallaɓa ta kake," ya ce. "Noreen ba ta lallaɓawa."
Na taka totur
har kwanon rumfa ya ɗauki rawa.
Bai ce komai ba. Bargon ya zame, bai ɗauka ba.

Saura abu ɗaya, kujerar direba.
An jawo ta gaba daidai gajerun ƙafafu,
tsatsa ta kulle ta a nan.
Ni kuwa dogo ne, tun ina yaro ake min tsiya.
Aikin minti goma ne, guduma da girisi.
Ya ji ƙarar gudumar tun daga akwati.
"Wannan bar shi."

Haka muka fita, gwiwoyina na gogar sitiyari,
muka hau tudu, hanyar Whitby,
tumaki na binmu da kallo suna tuƙa,
rufin yadi na ɗiga masa a kafaɗa.
Ya shimfiɗa taswirar a cinya, a juye,
ya ce, "Gaba kaɗan ka yi dama."
Babu komai a dama sai katangar dutse da hazo.
Na ce, "To,"
na sa giya ta uku.