Zakaran Darasi Na Bakwai

Shekara ashirin da uku ina shaƙar alli,
aljihun rigata ya riga kaina furfura.
Ɗalibi ɗari huɗu a zaure ɗaya:
na gaba su ji ni,
na baya su ga bakina yana motsi
kamar na kifi a cikin kwalba.

Da jami'a ta ce a ɗora darasi a intanet
na ce to, a baki.
A zuci na ce, tsohon doki ne za a koya wa sabon linzami.

Da asuba nake ɗauka, a ɗakina na Ayigiya,
kafin yaran mota su fara kiran Kejetiya.
In jingina waya da gwangwanin madara,
in yi wa bango bayanin nauyin ruwa,
nawa bututu ke ɗauka kafin ya fashe.
Bango dai bai taɓa yi mini hamma ba.

A darasi na bakwai zakaran Maman Adiza ya yi cara
daidai inda na ce, "Ku lura da nan."
Na so in sake, wuta ta ɗauke.
Na tura shi haka.

Ƙarfe biyu saura na dare saƙo ya shigo.
Rahinatu Sallau.
Sunan na sani a takarda, muryar ban taɓa ji ba.
Ashe rumfar atamfar uwarta take tsare har magariba,
sai Kumasi ta yi barci take zama ɗaliba.
"Malam, sau biyar na mayar da wurin zakara.
Ina ga alamar nan ta ragewa ce, ba ta tarawa ba."

Na tashi zaune. Na lissafa. Na sake.
Gaskiyarta.
Shekara nawa ina rubuta shi haka a allo
in share kafin wani ya kama ni?
Tsumman gogewa mai rufin asiri ne.
Waya ba ta san wannan ladabin ba.

Yanzu sun kalla kafin su zo,
zaure ya zama wurin gardama.
Kwabena ya ja, Fusaini ya ja,
ni in nemi kujera.

Ba duka ne zuma ba.
Isaka ba shi da kuɗin data,
jikin bangon laburare yake raɓewa da dare
yana sauke darasina, sauro na sauke nasu.
Kuma babu allon waya da zai nuna mini
fuskar yaro a daidai lokacin da ya gane.

Bayan Sallah zakara ya shiga tukunya.
Darasi na sha biyu ya fito tas, ba ko tari.
Kafin azahar saƙo sittin da ɗaya,
ba ko ɗaya a kan bututu:
"Malam, ina abokin aikinka?"