Kadada Arba'in da Ɗaya

Ta zo da takalmin roba har gwiwa,
taswira cikin leda, ruwa na tsuga.
Ta ce sunanta Nélida, daga Kito,
ta ce, "Don Eleuterio, dajin nan muke so."

Na ce, me za ku shuka?
Ta ce, ba komai.
Na ce, to shanu ke nan?
Ta ce, ko akuya.
Na waiwayi Zoila a bakin murhu,
ita da yana ta rufe wa ido, murya take kallo.
Mun ga mai sayen ƙasa don ya ci,
ba mu taɓa ganin mai saye don ya ƙyale ba.

Shekara talatin da takwas ina riƙe da injin zarto.
Na san kukan itace kafin ya faɗi:
ƙas-ƙas, kamar haƙoran mai masassara,
sai shiru,
sai ƙasa ta amsa.
Gangaren nan duka har bakin kogi
ni na aske shi, ni da ƙanena Segundo,
wanda gungume ya bi ta kansa wata Laraba.
Abin da ya saura, ba tausayi ya bar shi ba,
tudu ne, alfadari ya ƙi hawa.

Masu kwakwar manja sun riga ta zuwa,
da mota mai ƙyalli da lauya mai tumbi.
Kuɗinsu ya ɗara nata, ba na ɓoyewa.
Kwana uku ina lissafi da gawayi a bango:
aikin ido a asibitin Esmeraldas,
kwanon rufi, bashin kantin Wilfrido.
Nata ya rufe, da ƙyar, ƙafafu a waje.

Ta ce kuɗin taro da sisi ne aka haɗa,
'yan makaranta a wata ƙasa mai ƙanƙara
sun gasa burodi sun sayar,
wata tsohuwa ta bar wasiyya.
Na ce, sun taɓa taka dajin?
Ta ce, a hoto.
Zoila ta ce, ashe ba ni kaɗai ba ce
mai son abin da ba ta gani.

A ofishin rajista fanka na ƙugi,
magatakarda ya karanta:
kadada arba'in da ɗaya,
iyaka da rafi ta gabas, dutse ta yamma.
Bai karanta baƙaƙen birai masu dogon hannu ba,
goma sha bakwai, har da jaririn bana.
Bai karanta ɗan kwaɗon nan ba
da ake hango bugun zuciyarsa ta fatar ciki,
ko sawun damisa a laka bayan ruwa ya ɗauke.
Babu wanda ya kira su shaida.
Ni na dangwala yatsa.

A bakin ƙofa ta ce suna neman mai gadi,
wanda ya san hanya ko da dare.
Na ce, 'yar nan, na san inda suke kwana
ne don na sha kai musu bindiga.
Na ci namansu da ayaba.
Ta daɗe tana duban takalminta.
Ta ce, "Shi ya sa."

Yanzu gwangwanin jan fenti nake ɗauka,
ina shafa wa itatuwan iyaka.
Taku goma bayan fentin, injin maƙwabci na ruri,
kunnena ya san irinsa, har ya san haƙorin da ya dakushe,
wani lokacin hannuna kan yi ƙaiƙayi.
Nawa yana ƙarƙashin gado, tsatsa na cinsa a hankali.

Jiya na hau da Zoila, ido ɗaya a buɗe,
ɗayan sai watan gobe.
Muka zauna gindin itacen da na taɓa yi wa alamar sara.
Babban namijin ya leƙo ta cikin ganye,
ya jefo mana ɓawo, ya same ni a hula.
Ta yi dariya har da riƙe ciki.
Shi bai san an saya ba.
Bai ma san na taɓa cewa nawa ne ba.