Nawa Ne Kuɗin Ƙafa?

Keke ne ya ciyar da ni shekara ashirin da biyu,
rumfa ta uku, layin teloli, Kasuwar Barci.
Keke ne kuma, mai ƙafa uku, ya ɗauko ni ran Talata,
muka gangaro daga gadar Kawo,
shaddar wani ango a cinyata, ban gama wuyanta ba.
Motar ruwan leda ta ɓullo, ba burki, ba ham.
Abin da na iya tunawa:
ledoji suna fashewa a kan kwalta,
ruwa ko'ina, ni kuwa ƙishirwa nake ji.

Ƙafar dama, mai taka keke,
ita suka sa wa ƙarfe da ƙusa shida.
Na ƙirga su a hoton ƙashi.
Ɗinkin da likita ya yi mini,
da yaron shagona ne, da sai ya warware ya sake.

Kwana tara, sai ga manajan kamfani
da lemo, da ambulan mai ɗan kauri,
da takarda mai layi a ƙasanta.
"Dangwala nan, malam. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa."
Kawu Haladu ya ce, "Karɓi, ka bar wa Allah.
Wa ya taɓa ja da mai kuɗi ya kai labari?"
Yatsana har ya sha tawada,
sai Rifkatu, nas ɗin yamma, ta riƙe mini hannu:
"Wannan hannun akwai allura, yau ba a motsa shi."
Ƙarya ta yi. A hagu allurar take.
Da suka fita ta rubuta lamba a bayan katin magani.

Ofishin lauyar a bene yake, bayan Babbar Kasuwa.
Matakala ashirin da uku; ni da sanda muka ƙirga.
Barista Asabe ba ta tsaya dogon jaje ba.
"Riga nawa kake ɗinkawa a mako?
Ina rasit? Ina rahoton 'yan sanda?
Wa ya ga lambar motar?"
Tanimu mai shayi ya gani,
ya rubuta ta a kwalin sukari, kwalin na nan.
Na ce, "A gida ana cewa in yafe."
Ta ce, "Yafiya taka ce, ba mai ƙwace maka.
Amma ka san girman abin da za ka yafe tukuna."

Ta tara, ta ninka:
kuɗin aiki, kuɗin magani, kuɗin gashin ƙashi,
wata goma sha ɗaya da keke ya yi a rufe,
zango biyu da Lantana ta yi ba makaranta.
Lissafin ya ci abin cikin ambulan sau goma sha huɗu.
Na duba takardar sama da ƙasa,
ban ga gurbin daren jajibiri ba,
lokacin da layinmu ke ruri har asuba, ban da ni.
Ban ga gurbin sujada ba,
da kujerar roba da aka ajiye mini a ƙarshen sahu.
Ta ce, "Wannan kotu ba ta da sikelinsa.
Mu karɓo wanda take iya aunawa."

'Yan inshora sun ce direban ba kan aiki yake ba.
An ɗage zama: alƙali ya tafi taro.
An ɗage zama: fayil ya yi ƙafa,
shi da ba a taɓa bugewa ba.
Damina biyu kogin Kaduna ya cika ya janye,
Tanimu ya rufe teburinsa sau biyar don ya ba da shaida,
sau ɗaya aka kira sunansa.

Sha huɗu ga wata za mu koma.
Kafin nan ina koya wa ƙafar hagu taka keke.
Taurin kai gare ta, kamar sabon yaron shago,
ta tafi, ta tsaya, ta tsinka zare.
Angon nan ya leƙo jiya, an yi masa haihuwa,
ya ce ko rigar za ta samu kafin suna.
Takardar manaja tana aljihun tebur,
da ɗigon tawada a gefe, ba a kan layi ba.
Na ɗauko almakashi,
na fitar da ma'aunin wuya da ita.